Ƙoƙon Gangamau a Ƙofar Ɗakin Baba

Baƙo ne ya fara ganin ciwon Baba, ba mu ba, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin kaina. Wani Bakano ne ɗan kasuwa, yakan zo Damagaram duk bayan wata biyu ko uku ya sari jakunkuna da kube da alabe a hannun dukawan unguwar Birni. Ya shigo zaurenmu da hantsi, suka gaisa, Baba ya fito masa da kaya bakin ƙofa don ya ga launinsu a haske. Mutumin nan bai dubi kayan ba, ya tsaya yana duban fuskar Baba.

"Malam, tun yaushe idonka ya zama haka?"

Ina tsaye da ƙwaryar ruwan da na kawo wa baƙo. Na ɗaga kai na dubi idon mahaifina, abin da ban cika yi ba, sai na ga farin idon ya koma rawaya. 

Wanda bai san gidanmu ba zai ce sakaci ne. Gidan dukawa ne tun kakanni. Jan launi da karan dafi muke yinsa, rawaya kuwa da gangamau, wannan saiwar mai kama da citta, a niƙa ta a matsa mata lemun tsami a shafe fata da ita. Tafin hannun Baba rawaya ne tun ina yarinya, farcensa haka, bakin rigarsa haka, har tabarmar zaure. A gidan da kome rawaya ne, wa zai tsaya duban ido? Ga shi kuma ni ce 'yar fari. Akwai kunya tsakaninmu, ba ya kiran sunana, ba na kallon fuskarsa, ba na zama inda yake cin abinci. Haka muka tashi muka tarar ana yi.

Lokacin shekarata ashirin da huɗu, aurena ya mutu na dawo gida ina zawarci. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, Gwaggo yayar Baba ce ta rene ni, ita ce kuma mai riƙe da gidan. Mu uku ke nan. In Baba ya tafi, ban san abin da ya rage mini a duniya ba, kuma ban yi niyyar in sani ba.

Bakanon nan ya ce shawara ce, a kai shi asibiti. Washegari muka ɗora Baba a kan jakin maƙwabci muka fita daga Birni zuwa likita, kamar yadda mu muke kiran wurin. Lokotoron, wato mai duba marasa lafiya, Nasara ne mai jan wuya. Ya kwantar da Baba ya danna masa ƙasan haƙarƙari na dama, Baba ya cije baki. Nasaran ya yi doguwar magana da Faransanci, anfirmen, wato ma'aikacin jinyar da ke yi masa tafinta, ya ba mu gajeriya: hanta ce, ban da mai, ban da nama, ban da yaji, a yawaita ba shi ruwan 'ya'yan itace, ga ƙwayoyi. Aka ce in je in karɓo ƙwayoyin a wata taga, na bar Gwaggo da Baba a ciki. Da muka dawo gida Bakanon ya zo dubiya, ya ƙara da nasa. Ya ce su a Kano gangamau ake jiƙa wa mai shawara da lemun tsami, ga shi kuwa buhu guda a zaurenku kuna ɓata shi a kan fatar akuya.

Ni dai Allah bai yi ni da zama ba. In abu ya dame ni, ko dai in yi faɗa ko in yi aiki, yawanci ma in haɗa duka biyun. Da na ji an ce ruwan 'ya'yan itace da gangamau sai na kama maganar nan da hannu biyu. Na samu abin yi.

Bazara ce, kuma kowa ya san bazarar Damagaram. Duwatsun Birni su ɗauki zafi tun da hantsi, ruwan sha ma sai ka yi rigima da mai garuwa. Abin da ke kasuwarmu na kayan lambu duk ya yi yaushi kafin ya iso, saboda haka na ce Mirriya za ni da kaina, inda lambuna suke. Ranar Lahadi, ranar kasuwarsu, na hau bayan kamyo, babbar motar kaya, tare da 'yan tireda da tumakinsu. Shekarar ce ake ta cewa Nasara za su tafi su bar mana ƙasa, maza a cikin motar ba su da zance sai wannan, wane zai hau, wane zai sauka, har su kusa dambe. Ni kwandona na rungume, duk wanda ya jingina da gwandata ya ji bakina. Wani tsohon mai lambu a can ya saba da ni har yakan ajiye mini na kirki: gwanda, mangwaro, karas, tumatir, lemun tsami, wani lokaci rumman biyu ko uku. Da na ga Lahadi ba ta isa ba sai na ƙara da Laraba. In ba a samu mota ba in bi masu jakuna, rabin hanya a ƙafa.

Aikin kansa da sassafe nake yinsa. Na sayi sabon ƙaramin turmi, don namu ya sha barkono. Karas shi ne mai taurin kai, sai na gurje shi a kan gwangwanin da maƙeri ya huhhuda mini da ƙusa, sannan in daka. Gwanda da ludayi nake dama ta, mangwaro in murza shi a hannu har ya yi laushi in huda in tatse. Gangamau busasshe ne kamar tsakuwa, sai ya kwana a ruwa kafin in niƙa shi a dutse. In haɗa duka a ƙwarya, in matsa lemun tsami, in zuba tafasasshen ruwa da ya huce, in juye a farin ƙyalle in yi ta murɗawa har wuyan hannuna ya yi tsami. Ranar farko na sa tumatir da yawa, na ɗanɗana na tofar. A hankali na gane gwanda ce ke kwantar da ɗacin gangamau, rumman kuma ke gyara ƙanshi. Abin da ya rage a ƙyallen akuya nake zuba wa, ita kaɗai ce ta yi ƙiba a gidanmu a bazarar nan.

In na gama in cika ƙoƙo, in jingina shi da randa ya yi sanyi, in kai ƙofar ɗakin Baba in durƙusa.

"Baba, ga magani."

"Ajiye nan. Allah ya yi miki albarka."

In tura ƙoƙon ta ƙarƙashin asabari in tashi in bar wurin, don ba zai sha ina kallo ba. Bayan ɗan lokaci in dawo in tarar da ƙoƙon a waje, a kife, ko ɗigo babu. Wayyo, daɗin da nake ji in na ɗaga ƙoƙon nan na ji shi sakayau. Har maƙwabta nake bi ina gaya musu yau ma ya shanye.

Amma sauƙi bai zo ba. Mako na biyu ya daina fita zaure, ɗinkin da ya fara yana nan da basilla a soke. Daga tsakar gida ina jin ƙarar susarsa, jiki na yi masa ƙaiƙayi. In ya fito alwala in saci kallonsa, wuyansa ya zama siriri, rawayar ta sauko har goshi. Sai na yi tunani irin na 'yar dukawa. A gidanmu in fata ba ta kama launi ba, ba a cewa gangamau bai yi ba, ƙara shi ake yi a sake shafawa. Na ninka gangamau. Na ƙara ganyen zogale, na mai da ƙoƙon sau biyu a rana. Na kuma kafa doka a gidan da ba nawa ba: ban da fura, tunda nono akwai mai, ban da kunun safe, don magani ya tarar da ciki fayau.

Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke, ki zauna mana. Tun safe kike kai da kawowa kamar kazar da za ta yi ƙwai."

"In zauna in yi me? In zauna in zuba masa ido kamar yadda kike yi?"

Ta ci gaba da kaɗin audugarta. Shirunta ya fi zagi ƙona mini rai. Na yi ta buga ƙore ina magana ni kaɗai, ina cewa a gidan nan in ban da ni babu wanda ya damu ko mutumin nan ya rayu. Na san tana ji, don ta ji ɗin na faɗa.

Abin da ke ƙara mini ƙarfi shi ne Baba da kansa ya fara tambaya. In na ajiye ƙoƙo sai in ji muryarsa daga ciki, "Yaushe za ki Mirriya?" In ce gobe, ya ce madalla. Na ɗauka sababbin kaya yake marmari, har na ƙara kwana ɗaya a mako, tafiya ta zama sau uku.

Rana ta ashirin da uku asiri ya tonu, kuma kiyashi ne suka tona shi. Gwaggo ce kaɗai ke share ɗakin Baba, ba ta taɓa bari na shiga ba. Ran nan ta tafi gaisuwar mutuwa a bayan masallaci, wanzami kuma ya zo, shi da maƙwabcinmu suka tallafi Baba zuwa zaure don a yi masa aski. Ina shara a tsakar gida na ga layin kiyashi ya bi gindin bango ya shige ƙarƙashin asabarin ɗakin. Na ce bari in kore su kada su hau masa shimfiɗa. Na bi layin nan har bayan gado, na tarar da wata tukunya an rufe ta da faifai. Na ɗaga. Maganina ne, na jiya da yamma da na yau da safe, ya yi tsami yana kumfa.

Kusa da tukunyar akwai wasu 'yan ƙananan yankan farar fata, kowanne bai wuce yatsa biyu ba, an zura su a zare ɗaya. Duk an rina su rawaya, amma babu biyu masu launi ɗaya. Na farkon fari-fari ne, na ƙarshen sun yi duhu. Ina ganinsu na gane, ga ranar da na ninka gangamau, ga ranar da na fara sa zogale launin ya ja kore.

Na fito da tukunyar na dire ta a tsakiyar gida na tsaya a kanta.  Gwaggo ta yi sallama ta shigo, ta dubi tukunya, ta dube ni, ta cire mayafi ta rataye a igiya.

"Kin sani," na ce.

"Ni nake zubarwa."

"Tun yaushe?"

"Kwana uku ya sha da farko, duka ukun ya amayar, ni na kwashe. Ya ce kada a gaya miki."

"To me yake ci? Kwana ashirin, Gwaggo, me yake ci?"

"Ruwa. Da ɗan kunu in kin tafi Mirriya. In kina nan wa ya isa ya ɗora tukunyar kunu?"

Na ji maganar nan har cikin ƙashina. Ashe abin da yake tambaya ke nan. Ranar da na bar gida ita ce ranar da mahaifina yake samun abin sa wa a ciki. Gwaggo ba ta tsaya nan ba, ta ce tunda na tona bari in ji sauran. Ranar da aka aike ni karɓo ƙwayoyi, anfirme ya gaya musu abin da Nasara ya faɗa duka. Hantar ta riga ta kumbura ta yi tauri, babu abin da za su iya, a mai da shi gida a ba shi abin da ransa ke so. Baba ne ya ce a bar ni da turmina, in ba haka ba zan haukace in haukata su.

Mai hankali da nan ya zauna ya yi kuka. Ni ban zauna ba. Na ce ƙarya ne, Nasaran da ke ɗaure kayansa zai bar ƙasa me ya dame shi da baduku? Na ce ba a ce magani bai yi ba alhali ba a sha shi ba. Na ce ita ta kashe mini kwana ashirin, in wani abu ya same shi ita ce. Na faɗi wannan ga matar da ta goya ni. Sannan na jawo turmi da tsakar rana na hau daka, ina daka ina hawaye, na zuba gangamau fiye da kullum.

An riga an mai da Baba ɗaki, kuma babu abin da bai ji ba, gidan ba wani girma gare shi ba. Na ɗauki ƙoƙo, ban durƙusa a ƙofa ba, na ɗaga asabari na shiga na zauna a ƙasa gaban gadonsa. Tun da na yi wayo ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Sabon askin ya sa kansa ya zama ƙarami, duk ƙasusuwan fuskarsa a waje.

"Baba, ba zan tashi ba sai kun sha."

Ya kawar da kai wajen bango. "Ajiye, zan sha."

"A gabana za ku sha."

 Ina jin Gwaggo a bakin ƙofa tana cewa in ji tsoron Allah in fito, na yi kamar ban ji ba. Can ya yunƙura ya tashi zaune, ya karɓi ƙoƙon da hannu biyu. Ya kafa kai. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, yana tsayawa ya ja numfashi ya koma. Bai bar kome ba. Ya miƙo mini ƙoƙon, ni kuwa wawuya har na fara jin daɗi.

Ban kai ƙofa ba ya fara amai. Ya yi har babu abin da ya rage, ya ci gaba da kakari, jikinsa duka yana lanƙwashewa, gumi ya jiƙa rigarsa. Gwaggo ta riƙe masa goshi, ni na riƙe kasko. Daga azahar har la'asar ta wuce muna haka. Da ma Gwaggo ta mare ni da na fi jin sauƙi.

Da ya lafa, Gwaggo ta fita da kayan da suka ɓaci. Na tashi zan bi ta sai ya ce, "Zauna." Muryar da ƙyar take fita. Na zauna.

"Ba raina aikinki na yi ba," in ji shi. "Ina jin dakanki kullum. Amma shekara arba'in ina haɗa gangamau da lemun tsami ina shafa wa fatar akuya. Da na kai ƙoƙon nan hanci sai in ji ni ne fatar. Maƙogwaro ya ƙi."

Na ce, "Da kun faɗa mini."

"Ina jin tafiyarki in kin ɗauki ƙoƙon babu kome. Har waƙa kike yi."

Na tambaye shi 'yan fatun nan na mene ne. Ya ɗan yi murmushi, ya ce hannu ne ba ya son zama, in ban sani ba a wurinsa na gado. Ya ce na wata Talata ya fi duka kyau, ranar da na sa rumman, da yana da ƙarfi da ya gwada shi a babbar fata. Na kifa kaina a bakin gadon na yi kukan da ban yi ba tun ranar da Bakano ya dubi idonsa. Bai hana ni ba.

Da na share fuska na yi masa tambayar da ban taɓa yi ba cikin kwanakin nan duka.

"Baba, me kuke so?"

Ya yi ta tunani, kamar an tambaye shi wani abu mai wuya. Sannan ya ce, "Farau-farau. Mai sanyi."

Ruwa ne kawai da ɗan gutsuren fura a dama a ciki, abin da ake miƙa wa kowane baƙo a ƙofar gida. Babu fura a gidan, ni na hana. Na fita ba mayafi na roƙo dunƙule ɗaya a maƙwabta, na ɗebo ruwa daga ƙasan randa na dama. Wannan karon da na shiga ban ce sai ya sha a gabana ba, na ajiye zan fita, shi ya ce in tsaya in riƙe masa. Ya kurɓa sau uku ya lumshe ido, ya huta, ya ƙara biyu. Ya zauna a cikinsa.

Da yamma na je na durƙusa gaban Gwaggo. Ta ce in tashi in ɗora kunu, magana ta wuce. Har ta rasu ba ta sake tayar da ita ba, ni ce ban bar kaina na huta ba.

Ban sake zuwa Mirriya ba. Gwandar da ta rage ta ruɓe a kwando. Kullum da safe da la'asar nakan shiga da farau-farau ko kunu in zauna, ya sha abin da zai iya, wata rana kurɓi biyar, wata rana ɗaya. Wani lokaci ya yi mini zancen mahaifiyata, wani lokaci mu yi shiru, ina kore masa ƙuda da mafici. Ƙafafuna na ƙaiƙayin tashi, in danne su.

Kwana tara ya ƙara, ya cika ranar wata Alhamis da hantsi, kafin ruwan farko ya sauka. Shekara ashirin da huɗu ina 'yarsa, kwana taran nan ne kaɗai na zauna kusa da shi. Da na yi masa tambayar nan tun ranar da muka dawo daga likita, da kwana talatin da biyu ne.